Alhamis ɗin Assu Mai Niƙa

Duk wanda ya tashi a Ugrim kafin kwalta ta iso ya san Assu ɗan Haddu. Wanda bai riƙe sunansa ba ma ya riƙe kamanninsa: gajere, mai faɗin kafaɗa, garin sha'ir ya yi masa fari a gemu da gira har cikin kunne. Ko ranar Idi ce, in ya yi sujada sai ka ga 'yar ƙura ta tashi daga wuyan rigarsa. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi saboda ƙugin dutsen niƙa, shi ya sa in kana masa magana yakan karkato kai gefe guda kamar mai shakkar abin da kake faɗa. Da yawa sun ɗauke shi mai taurin kai saboda haka, alhali so yake ya ji.

Shi ne mai niƙan ƙauyen, gadon uba da kaka. Ɗakin niƙan yana ƙasan ƙauye a bakin rafi, ginin dutse da laka, ƙofarsa sai ka sunkuya. Wani kututture da aka fafe ne ke kwaso ruwa daga rafi ya watsa shi da ƙarfi kan fukafukan katako da ke ƙarƙashin ɗakin. Su juya, dutse ya juya, ruwan ya fice ta ɗaya gefen ya koma rafi yadda ya zo. Ladan Assu mudu ɗaya ne cikin goma. Da shi ya auri Ijja, da shi suka ciyar da 'ya'ya mata uku har suka aurar.

Da sanyi, da lokacin da ƙanƙarar kan tsauni ke narkewa, ba mai maganar rabon ruwa a Ugrim, rafi cike yake har yana cin gaɓa. Sai an girbe sha'ir, zafi ya shigo, sannan mai rabon ruwa ke fitowa da sandarsa. Can sama da ƙauye, inda duwatsu suka matse rafin, akwai madatsa. Daga nan targa, wato magudanar ban-ruwa, ke ɗaukar ruwa ta bi gefen tsauni tana shayar da gonaki. Kwana shida na mako na masu gona ne, kowane gida da lokacinsa. Alhamis kuwa, daga alfijir zuwa kiran la'asar, ta dutsen niƙa ce. A ranar ake toshe bakin targa, a buɗe madatsa, ruwan gaba ɗaya ya gangaro ta rafi. Haka yake rubuce a wata tsohuwar takarda mai shaidu goma sha biyu, naɗe cikin bututun gora, saƙale a rufin ɗakin Assu. Ba ya karatu, amma ya san abin da ke cikinta kamar Fatiha.

A wancan zamanin ba wanda ya sa wa Alhamis ido, domin madatsar ta duwatsu ce da rassa da ciyawa, kullum tana yoyo. Duk shekara ambaliya ta tafi da ita, maza su taru su sake ginawa suna tsokanar juna, mata su kawo gurasa da man zaitun. Abin da ke tsiyaya ta ƙarƙashinta shi ke riƙe rafin sauran kwanakin. Ƙasa da ɗakin niƙa akwai tafkuna uku. A na farko mata ke wanke ulu, a na biyu ake shayar da awaki da alfadarai, na uku kuma mai zurfi ne, nan kifaye masu ɗigo-ɗigo ke laɓewa ƙarƙashin saiwoyi. Daga nan rafi ya wuce Unguwar Maƙera, gida tara. Maƙera ba su da ko taki ɗaya na gona, don haka ba su da rabo a targa. Abin da suke da shi wani ɗan idon ruwa ne a gindin gaɓa, ba kuwa wanda ya taɓa tambayar daga ina ruwansa yake zuwa.

Shekarar da Assu ya cika arba'in da biyar aka kawo aikin gina madatsa da siminti. Hukuma ta ba da siminti da rodi, ƙauye ya ba da ƙarfi. Ba wanda ya kai Assu murna, don ya gaji da tsayuwa cikin ruwan ƙanƙara har ƙugu duk shekara yana jera duwatsu. Wata biyu alfadarinsa na hawa da buhuna, shi yana biye yana waƙa. Ranar da aka gama aka yanka bunsuru biyu. Sabuwar madatsa ta tsaya kyam da ƙofar ƙarfe mai murɗawa, targa kuma an shafe ta tun daga baki har gonar ƙarshe. Ruwan da a da sai ya yi rabin yini kafin ya kai ƙarshen ƙauye, yanzu kafin ka gama shayi ya isa.

Ijja ce ta fara lura. Wata Litinin cikin zafi ta sauko da ulu a kai, ba a jima ba ta dawo da shi a bushe, ta tsaya a ƙofar ɗakin niƙa.

"Assu! Juyo min da kunnen mai rai. Ina ruwa?"

"Wane ruwa kuma? Yau Litinin."

"Na san Litinin ce, ba hauka nake ba. Shekara ashirin ina wankin ulu ranar Litinin. Je ka duba tafkin nan, ko kaza ba za ta jiƙa ƙafa ba."

Ya hau har madatsa. Ya sauka ƙarƙashinta ya shafa simintin da tafin hannu daga wannan gaɓa zuwa waccan. A bushe yake ƙayau, da ɗumi kamar bangon tanda. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ko ɗigo ba ya wucewa. Ya daɗe a tsaye yana kallon wurin da shi da kansa ya sauke buhunan.

Daga wannan shekarar, da zarar zafi ya shigo, rafin Ugrim daga Alhamis sai Alhamis yake rayuwa. Ran Alhamis tafkuna su cika su batse. Ran Lahadi na farko ya ƙafe. Ran Talata na uku ya koma kamar faifai, kifaye sun taru a tsakiya suna buɗe baki. Ran Laraba matan maƙera su jera tuluna a bakin idon ruwansu suna jiran ɗigo. Sai a lokacin kowa ya gane idon daga rafi yake sha. Assu ya koma kamar mai jinya, kullum da hantsi sai ya bi tafkunan ya duba.

Sannan kwalta ta iso, wutar lantarki ta biyo ta. Aka kafa injin niƙa a kasuwar Talata, a kan hanya, ga kuma farin fulawa a buhu. Masu kawo wa Assu niƙa suka fara raguwa, bai kuma ga laifinsu ba, buhun da zai yini a kansa inji kan gama shi kafin mai shi ya gama gaisawa. Cikin shekarun nan ne ɗan baffansa, Alhaji Bassu, ya dawo daga Faransa bayan shekara talatin a ramin kwal, da tari a ƙirji da 'yan kuɗin fansho. Shi ya fara tumɓuke sha'ir ya dasa tuffa. Shekara ta biyar da manyan motoci suka zo suka kwashe akwatuna, ya yi rufin kankare ya kai 'ya'yansa makaranta a birni, kowa ya bi sahu. Har mijin Tuda, 'yar autar Assu, ya dasa ɗari biyu. Ita kuwa tuffa ba sha'ir ba ce. Sha'ir kan gama shan ruwansa kafin zafi, ita kuwa a tsakiyar zafin take buɗe baki.

Wata Juma'a bayan an sauko, dattawan ƙauye suka zauna a inuwar masallaci, Alhaji Bassu ya miƙe. Ba mugu ba ne, bai kuma ɗaga murya ba.

"Jama'a, Assu ɗan'uwana ne, nono ɗaya iyayenmu suka sha. Amma a duba. Yini guda cikin bakwai muna sakin ruwa yana bin tsakuwa, itatuwanmu na zubar da 'ya'ya. Don me aka ba dutse Alhamis? Don a yi niƙa. Wa ke niƙa yanzu? Assu, in sayarwa za ka yi, ka faɗi abin da kake so, ba zan yi ciniki da kai ba."

Assu ya karkato kai. Ba gwanin magana ba ne, a taro ma harshensa kan yi nauyi. Dadda yake ce wa Bassu, yadda ake kiran na gaba a Ugrim.

"Ba nawa ba ne, Dadda Bassu, da zan sayar. Na dutse ne. Kuma in ya bar dutsen, tafkuna ke sha, maƙera ke sha."

"Sunan maƙera na cikin takardar?"

"Babu."

"Na kifi fa?"

Aka yi dariya. Har Assu ya yi murmushi. Ba ko maƙeri ɗaya a wurin, ba a kiran wanda ba shi da gona zaman ruwa.

Mai rabon ruwa a lokacin Addi ne, dogo siriri, abokin Assu tun suna kiwon awaki tare, wanda bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Kurma. Aka sa liman ya karanta takardar sau biyu. Addi ya yi zane a ƙasa da sandarsa, sannan ya yanke hukunci.

"Takarda ta ce Alhamis ta dutse ce muddin yana juyawa yana cin hatsi. To, ni abin da na gani ke nan. Muddin yana juyawa, ran Alhamis zan buɗe ƙofa, ko wa zai ji haushi ya ji. Ranar da ya tsaya Alhamis uku a jere cikin zafi, ruwan ya koma hannun jama'a. Ka ji, Kurma, ko in zagayo ta ɗaya kunnen?"

"Na ji, Sandar Rake."

Da haka Assu ya shiga shekarun da 'yan ƙauye ke kira niƙan dole. Kowace Alhamis sai an sami abin da dutse zai ci, Addi kuma kan leƙo da hantsi ya ɗebi garin a hannu ya shinshina, don kada a ce ya yi son kai. Assu ya niƙa sha'ir ɗin gidansa. Ya niƙa masara. Ya niƙa busasshen wake har Ijja ta rantse in ta sake ganin miyar wake za ta koma gidansu. Ya daina karɓar ladansa, ya riƙa bin gidaje da alfadari yana roƙon a ba shi niƙa kyauta, wasu su ba shi don kunya, wasu su ce an riga an kai inji. Matan maƙera ne ba sa fashi. Babbarsu, Lalla Mammas, tsohuwa mai zane a haɓa, ita ke bin gida tara ran Laraba tana tara hatsi ƙoƙo-ƙoƙo, ta hau da shi a baya.

"Ga abincin dutsenka," takan ce tana haki. "Ka ce masa ya riƙa taunawa a hankali, ba mu da wani sai mako."

Shi kuwa ya ɗaga dutsen sama kaɗan, ya rage zubin hatsin har ya zama ƙwaya-ƙwaya, mudu huɗu su kai shi la'asar. Samari masu tuffa in sun wuce ta gada sukan ɗaga murya: "Dadda Assu, yau me ake niƙawa, iska?" Ya juya musu kunnen hagu.

Shekara tara yana wannan. Ana cikin haka ya ji a rediyo cewa akwai dokar da ta ce dole a bar wa kowane rafi wani kaso na ruwansa, kada a shanye shi duka. Ya sa Tuda ta sake saurara masa da aka maimaita shirin, don kada kunnensa ne ya yi masa ƙari. Ta ce haka aka faɗa. Ran Litinin ya sa farar jallabiyarsa, ya zura bututun gora a ƙirji, ya shiga motar kasuwa zuwa babban birnin lardi. Sau uku ke nan a rayuwarsa yana zuwa can.

A ofishin ruwa aka yi ta tura shi daga wannan ƙofa zuwa waccan, har ya faɗa hannun wata injiniya mai suna Nazha, yarinya sa'ar Tuda. Ta ba shi kujera, ta sa aka kawo masa shayi, ta warware takardar da yatsu biyu kamar mai taɓa jariri. Ta karanta, ta ɗauki hotonta, ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Baba, dokar gaskiya ce," ta ce. "Akwai ta."

"Alhamdu lillahi. To a rubuta. A rubuta cewa Alhamis ta rafin ce, ko ina raye ko ba na raye, ko dutse na juyawa ko ya tsaya. Ni na yafe, na ba shi."

Ta ajiye biro.

"Ba za ka iya ba shi ba, Baba. Takardarka ta niƙa ce. In ka ce ka bar niƙa, haƙƙin ya faɗi, ba ya komawa kan wani. Shi kuma kason rafi, kafin a yanka masa sai an san nawa yake ɗaukowa. Sai an kafa ma'auni an yi shekaru ana aunawa, sannan kwamiti ya zauna."

"To a kafa."

"Rafuka ɗari da wani abu ne a lardin nan. Masu ma'auni bakwai ne."

Assu ya karkato kai, ya ɗauka bai ji daidai ba. Ta maimaita. Da ta ga fuskarsa sai ta ce za ta zo da kanta ta gani, ta rubuta rahoto, wataƙila a sa Ugrim a gaba.

Ta kuwa cika alkawari. Sai dai motar ofis ba ta samu ba sai a watan da ƙanƙara ke narkewa. Ta iso ta tarar da rafi na ruri, ruwa na tsallake madatsa, tafkuna sun haɗe sun zama ɗaya, gaɓa kore shar. Direbanta har yana cewa bai taɓa ganin wuri mai albarkar ruwa haka ba. Assu ya bi ta yana nuna mata duwatsu a ƙarƙashin ruwa. "Nan duk busasshe ne, 'yata. Nan ma. Ki dawo bayan girbi ki gani." Ta ce ta yarda da shi, amma abin da ta auna shi za ta rubuta, za ta dawo cikin zafi ta sake aunawa. Ijja ta yi mata kuskus da kaza. Kafin zafi aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani lardi. Da Assu ya koma, wanda ya gaje ta ya ce a rubuto buƙata a rubuce. Liman ya rubuta, aka buga hatimi, aka ba shi wata 'yar takarda mai lamba. Ya naɗe ta ya zura cikin bututun tare da ta kakanni.

Sai ga shekaru uku a jere ƙanƙara ba ta sauka ta kirki ba. Kan tsaunin da kan yi fari har bayan girbi ya koma baƙi tun kafin sha'ir ya fitar da kai. Masu hali suka kira motar haƙa, suka yi rijiyoyin burtsatse can sama da madatsa, a gonakinsu, suka kafa faifan hasken rana don jawo ruwan. Ba wanda ya karya doka, takardar ba ta san da rijiya ba. Abin da ke isowa madatsa ya koma kamar kaurin cinya, sannan kamar damtse.

A shekara ta ukun, Alhamis ta biyu bayan girbi, Assu ya zuba hatsin Lalla Mammas, ya gyara kututture, ya zauna jira. Rana ta fito, ta haura, shiru. Ya ɗauka Addi ne ya makara, ya hau yana shirya zagin da zai yi masa. A rabin hanya ya gamu da ruwan. Addi ya buɗe ƙofa tun alfijir yadda ya saba, ga shi nan ma yana biye da bakin ruwan da sandarsa. Ruwan na rarrafe cikin tsakuwa mai zafi, ya ci gaba taki ɗaya, ƙasa ta shanye, ya sake tarowa ya ci wani takin. Su biyun suka sa hannu suna kawar masa da duwatsu, suna yi masa 'yar hanya da sanda da yatsu, tsofaffi biyu a durƙushe cikin rana. Da aka kira la'asar, saura kamar taki ɗari ya kai bakin kututture.

Addi ya miƙe yana dafe da ƙugu. Bai ce Kurma ba.

"Assu, lokaci ya yi. Sai na rufe."

"Rufe mana. Aikinka ne."

Alhamis ta gaba ko rabin hanya ruwan bai kai ba. Assu ya gwada juya dutsen da hannu, ya sa kafaɗa, ya ɗaura wa alfadari igiya. Ya motsa kaɗan ya tsaya. Ko da ya juya ma, ya san ba abin da takarda ke nufi ke nan ba, ba kuwa zai sa Addi ya yi shaidar ƙarya ba. A makon ne tafki na uku ya ƙafe. Warin kifi ya kai kwana biyu yana shigowa har ɗakin niƙa, sannan tsuntsaye suka gama da su.

Ran Laraba da hantsi Tuda ta zo. Ta same shi zaune a bakin ƙofa, ta durƙusa ta sumbaci hannunsa, ta zauna ta gefen kunnen dama. Ta daɗe tana maganar wasu abubuwa kafin ta iso inda za ta.

"Baba, itace arba'in sun mutu mana a layin ƙasa. Sauran ganyensu ya naɗe. Ba mu da rijiya, ka sani. Gobe za a sake sakin ruwan nan cikin tsakuwa, ba zai zo gare ka ba, ba zai je ga maƙera ba, ba zai je ga kowa ba. In da yana isowa, wallahi ba zan buɗe baki ba."

Ya dube ta. Hannuwanta sun faffashe saboda ɗaukar jarka, ita da 'ya'yanta suke bin itatuwan ɗaya-ɗaya da ruwan wanke-wanke. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Abin da yake ji a ransa shi ne in aka bar rafin ya saba da rashin ruwa, ba za a ƙara tuna yana da rabo ba. Amma wannan ba magana ce da za a faɗa wa mai itace arba'in a mace ba.

"Kin ci abinci?" ya ce.

Ta fashe da kuka.

Alhamis ta uku da tsayawar dutse Addi ya buɗe, don ya ce shi sai ya cika ukun. Ruwan ya ɓace tun kusa da madatsa. Ran Juma'a dattawa suka zauna. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Alhaji Bassu da kansa ya ce a rubuta cewa aro ne, ranar da ƙanƙara ta dawo a mayar wa dutse Alhamis ɗinsa. Liman ya tambayi Assu ko yana da magana. Ya karkato kai, ya buɗe baki, ya rufe. Aka jira shi. Da shirun ya yi tsawo liman ya ce a shafa Fatiha, aka shafa, Assu ma ya ɗaga hannu tare da kowa. Aka yanka Alhamis gida-gida. Mijin Tuda ya sami awa ɗaya da rabi, da ita sauran itatuwansa suka kai kaka.

Idon ruwan maƙera ya ɗauke kafin ƙarshen watan. Suka yi shekara suna sayen ruwan tanki, sannan suka fara tashi gida-gida zuwa bakin kwalta. Lalla Mammas ce ta ƙarshe. Ranar da za ta tafi ta biyo ta ɗakin niƙa, ta tarar da shi yana share dutsen da tsintsiya.

"Ka yi iyakar ƙoƙarinka, ɗan Haddu," ta ce.

"Ni na hau da simintin, Lalla."

"Da kai da alfadarinka da duk ƙauyen. Har ɗana ya ƙera musu ƙofar ƙarfen, ka manta? Kawo hannu mu yi sallama, mota na jira."

Bayan shekara biyu ƙanƙara ta sauka sosai. Assu ya je wurin dattawa ya tuna musu maganar aro. Addi ya riga ya rasu, rabon ruwa ya koma hannun wata ƙungiya mai shugaba da sakatare. Suka karɓe shi da girmamawa, suka ce gaskiyarsa ne, sai dai an dasa sababbin itatuwa a kan wannan ruwan, a bari a ga shekara mai zuwa. A kakar ne hadari ya fashe a kan tsauni. Dogayen itatuwan gaɓa sun riga sun mutu a tsaye, ba saiwar da za ta riƙe ƙasa. Ambaliya ta sauko da laka da duwatsu, ta cinye gaɓar, ta tafi da bango biyu na ɗakin niƙa da fukafukan katakon. Daga nan ba a sake tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba.

Yanzu Assu ya haura saba'in da biyar. Ijja ta rasu, yana zaune gidan Tuda. Da kaka yakan zauna a rumfar tantance tuffa, yana ware manya da ƙanana, da masu tabo. Hannunsa na da sauri, masu saye na yabonsa. Daga kuɗin tuffar ake saya masa maganin hawan jini, ya kuma san haka.

Bara da kaka Alhaji Bassu ya zo rumfar yana dogara sanda, tarin nan nasa ya ƙaru. Rijiyarsa ta farko ta ƙafe, ta biyu an zurfafa ta sau biyu, yanzu laka take jawowa. Ya zauna kan akwati, Tuda ta kawo musu shayi. Suka yi maganar ciwon gwiwa da waɗanda suka mutu. Can Bassu ya matso ta dama.

"Assu, mai motar haƙa zai dawo ran Asabar. Ramin ƙarshe ke nan da zan iya. Duk ƙauyen nan ba wanda ya san rafin nan kamarka. Don zumunci, ina kake ganin zan sa shi ya haƙa?"

Assu ya ajiye kofin. Ya duba fuskar ɗan baffan nasa ko da tsokana, bai ga komai ba sai tsoro.

"Wallahi Dadda, ban sani ba. Da na sani da na faɗa maka."

"Ko zato?"

"Akwai wani wuri sama da gonarka, wajen farin dutse, da ciyawa kan daɗe ba ta bushe ba. Amma wannan tun muna yara ne."

"Mu je ka nuna min."

Tuda ta ce rana ta yi zafi, su bari sai la'asar. Ba su saurare ta ba. Assu ya ɗauki hularsa, Bassu ya dafa kafaɗarsa, suka fita suka kama hanyar tsauni a hankali, suna tsayawa duk bayan 'yan taki don Bassu ya yi tari.